Daidaita Na'urar Analaiza Domin Auna Ƙarfin Igiyar Rediyo

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'auni a kasuwa ya san cewa awo amana ne. In sikeli ya karkace, to, duk abin da aka ɗora masa a karkace zai fito, ko da kuwa mai awon mutumin kirki ne. Haka abin yake a ɗakunan gwaji inda injiniyoyi suke auna kayan rediyo da na wayar salula. A can akwai wata na'ura mai tsada da ake ji da ita, wadda masu sana'ar suke kira analaiza, watau na'urar da take bin diddigin igiyar rediyo yayin da take ratsa waya, ko eriya, ko wani sashe na injin watsa shirye-shirye.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake daidaita wannan na'ura domin ta auna ƙarfin igiya daidai. Za a fi mayar da hankali a kan batu guda wanda yakan shige wa masu koyo duhu, shi ne cewa daidaitawar da aka saba yi wa analaiza awon kwatanci kaɗai take gyarawa. Ainihin yawan ƙarfin da na'urar take fitarwa ko take karɓa kuwa, sai ta aro saninsa daga wani ma'auni daban.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a shiga cikin batun, ya kamata a share fage da kalmomi huɗu.

Ta farko ita ce kaɗawa, watau sau nawa igiya take kai da komowa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ana auna ta da haz, kuma megahaz ɗaya shi ne kaɗawa miliyan ɗaya a daƙiƙa. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108, wayar salula ta GSM kuwa, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2001, a kan megahaz 900 da 1800 aka kafa ta.

Ta biyu ita ce ƙarfi, wanda ake aunawa da wat. Miliwat ɗaya shi ne kashi ɗaya bisa dubu na wat.

Ta uku ita ce desibel, wanda ake taƙaitawa da dB. Shi desibel awon kwatanci ne tsakanin ƙarfi biyu. Ƙarin dB 3 yana nufin ƙarfi ya kusa ninkawa biyu cif, ƙarin dB 10 ya ninka goma, ƙarin dB 20 ya ninka ɗari. In aka ɗauki miliwat ɗaya a matsayin mafari, sai a rubuta dBm. Saboda haka dBm 0 shi ne miliwat ɗaya, dBm 10 miliwat goma, dBm 30 kuwa wat ɗaya ke nan. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci da kyau, domin a kansa maƙalar ta ginu: dB yana amsa tambayar "sau nawa wannan ya fi wancan?", dBm yana amsa tambayar "nawa ne shi kansa?"

Ta huɗu ita ce turjiya, watau irin tirjewar da hanya take yi wa lantarki, ana auna ta da om. Yawancin kayan rediyo a kan om 50 ake ƙera su, na talabijin kuma a kan om 75. Duk inda igiya ta bar hanya mai wata turjiya ta shiga mai wata daban, sai wani kaso nata ya juyo baya, kamar yadda murya take dawowa in ta bugi dutse. Wannan shi za mu riƙa kira amsa-kuwwa.

3.0 Analaiza da Aikinta

Analaiza ta gama-gari tana da ƙofa biyu. A cikinta akwai masomi, wanda yake samar da igiya yana canza kaɗawarta mataki-mataki. Akwai marabi, wanda yake ware igiyar da take fita daga wadda take dawowa. Akwai kuma makarɓai, waɗanda suke auna kowace ɗaya. Injiniya yakan ɗaura abin da yake son gwadawa tsakanin ƙofofin biyu, sai na'urar ta aika igiya ta ƙofar farko, ta auna abin da ya dawo da abin da ya wuce zuwa ta biyu, sannan ta juya ta aika ta ɗaya ɓangaren. Daga nan ake samun awo huɗu da ake yi wa laƙabi da S11 da S21 da S12 da S22. S11 shi ne abin da ya dawo ƙofar farko in an kwatanta shi da abin da ya fita daga cikinta; S21 kuwa shi ne abin da ya isa ƙofa ta biyu in an kwatanta shi da abin da ya fita daga ta farko. Ban da girman igiya, na'urar tana auna yadda ta yi gaba ko ta yi baya a cikin kaɗawarta, kuma wannan ne ya ba ta ikon gyara kurakuranta da lissafi.

Kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fito da samfurin 8410 a 1967, sannan da 8510 a 1984, wanda ya zo da ƙwaƙwalwar lissafi a cikinsa. Sashen awo na kamfanin ya koma Agilent a 1999, daga baya ya zama Keysight a 2014. Kamfanin Rohde & Schwarz na Jamus da Anritsu na Japan su ma suna cikin manyan maƙeranta.

Abin lura a nan shi ne, dukkan awon nan huɗu rabawa ce ta wani abu da wani. Analaiza a asalinta kamar sikeli ne mai kwano biyu: zai nuna cewa wannan kwano ya rinjayi wancan sau kaza, amma ba zai faɗi kilo nawa ba sai an ɗora masa dutsen awo wanda aka riga aka san nauyinsa.

4.0 Ire-iren Kurakuran Awo

Masana sun kasa kurakuran wannan na'ura gida uku. Akwai kuskure tsayayye, wanda yake maimaita kansa iri ɗaya a kowane awo, saboda daga ƙirar na'urar da wayoyinta yake fitowa. Akwai kuskuren hayaniya, wanda yake canzawa ba tare da tsari ba, kuma sai dai a rage shi ta hanyar maimaita awo a ɗauki tsaka-tsaki. Akwai kuma kuskuren zamewa, wanda yake shigowa sannu a hankali bayan an gama daidaitawa, galibi saboda canjin zafi. Daidaitawa da na farkon kaɗai take iya maganinsa.

Shi tsayayyen kuskure yana da rassa shida a kowace fuska. Uku sun shafi abin da yake dawowa: yoyon marabi, inda ɗan kaso na igiyar da take fita yake zurarewa zuwa makarɓin mai dawowa, amsa-kuwwar bakin masomi, wanda yake sake tura igiyar da ta dawo, da kuma saɓanin makarɓai, domin ba su jin kowace kaɗawa da kunne ɗaya. Sauran ukun sun shafi abin da yake wucewa: amsa-kuwwar ƙofa ta biyu, da asarar da ake yi a hanya, da kuma kutse, inda igiya take tsallakawa daga ƙofa zuwa ƙofa ta cikin na'urar ba tare da ta bi ta abin gwajin ba. Shida a tafiya, shida a dawowa, sun zama 12.

5.0 Daidaitawa ta Farko: Gyaran Kwatanci

Dabarar a nan mai sauƙin fahimta ce. Ana nuna wa na'ura abin da aka riga aka san amsarsa, a ga amsar da za ta bayar, bambancin da ya fito shi ne kuskurenta. Hanyar da ta fi yaɗuwa, wadda ake kira SOLT, tana amfani da kayan gwaji huɗu:

(a) Rufaffe, wanda aka haɗe wayar tsakiya da ta waje a cikinsa. Yana mayar da igiya duka, amma a kife, watau da juyin digiri 180.
(b) Buɗaɗɗe, wanda shi ma yake mayar da ita duka, amma ba tare da kifewa ba.
(c) Mashanyi, mai turjiyar om 50, wanda yake shanye igiyar ba ya mayar da komai sai ɗan abin da ba a rasa ba.
(d) Gada, wadda take haɗa ƙofofin biyu kai tsaye.

Ukun farko ana ɗaura su ɗaya bayan ɗaya a kowace ƙofa. Da yake kurakuran dawowa uku ne, awo uku sun isa a warware su, kamar yadda ɗalibin lissafi yake neman ɓoyayyun adadi uku da jimla uku. Gada ita take bayyana na wucewa. Akwai wata hanya mai suna TRL, wadda Glenn Engen da Cletus Hoer na hukumar ma'aunai ta Amurka suka bayyana a 1979, wadda take dogara da guntun layi mai sanannen turjiya a maimakon mashanyi. Akwai kuma akwatin daidaitawa na lantarki, wanda yake ɗauke da kayan gwajin duka a cikinsa yana sauya su da kansa.

Dole ne a ɗaura kayan gwajin a daidai inda za a ɗaura abin da za a auna, watau a ƙarshen waya, ba a jikin na'ura ba. Wannan wuri shi ne iyakar awo. Duk abin da yake bayan iyakar, lissafi zai cire shi, kamar yadda mai sayen gyaɗa yake cire nauyin buhu kafin ya biya manomi. In aka ƙara wata waya ko wani mahaɗi bayan an gama, to an ƙara buhun da ba a auna ba.

6.0 Abin da Daidaitawar Farko ba ta Gyarawa

A nan ne mai koyo yakan yi tuntuɓe. Bari mu ɗauki misali. Injiniya ya umarci masomi ya fitar da dBm 0, watau miliwat ɗaya, a kan megahaz 1800. Mu ƙaddara wayar da ta tashi daga ƙofa zuwa iyakar awo tana cin dB 1.5. Abin da zai isa bakin abin gwaji shi ne dBm 1.5 ƙasa da sifiri, watau kimanin miliwat 0.71. Kusan kashi 29 cikin ɗari ya salwanta a hanya, amma allon na'ura yana nan yana nuna dBm 0. Daidaitawar farko ta cire wannan asara daga lissafin kwatanci, amma ba ta ƙara wa igiyar ko ƙwayar zarra ba.

In abin gwajin waya ce ko matata, babu damuwa, domin waya mai cin rabin ƙarfi rabi za ta ci, ko an ba ta kaɗan ko an ba ta da yawa. Amma amfilifaya, watau na'urar ƙara ƙarfi, ba haka take ba. Mai ƙarin dB 20 tana ninka abin da aka ba ta sau ɗari muddin ƙaramin ƙarfi ne, amma in aka ci gaba da ƙara mata sai ta fara gajiya, ƙarin nata ya riƙa raguwa. Wurin da ƙarin ya ragu da dB 1 shi ne alamar da ake rubuta wa kowace amfilifaya a takardar bayaninta. To, in injiniyan nan ya rubuta cewa a miliwat ɗaya take gajiya, alhali a 0.71 ne, duk wanda ya gaskata takardar zai ɗora mata ƙarfin da ya wuce iyakarta da kimanin kashi 41 cikin ɗari. Sakamakon haka shi ne gurɓacewar saƙo da malalarsa zuwa zangon maƙwabta, abin da yake jawo katsewar kira da kutsen wata tasha cikin wata.

7.0 Daidaitawa ta Biyu: Gyaran Ƙarfi

Dutsen awon da ake bukata a nan shi ne ma'aunin ƙarfi tare da kansa mai ji, wanda ake kira sansa. Akwai sansa mai mayar da igiya zafi ya auna zafin, irin wannan yakan ji daga kimanin dBm 30 ƙasa da sifiri zuwa dBm 20. Akwai kuma mai amfani da dayod, wanda yake iya jin ƙarfin da ya yi ƙasa har zuwa wajen dBm 70 ƙasa da sifiri. Aikin yana da matakai biyar.

Mataki na ɗaya, a mayar da ma'aunin sifiri. Ana yin haka ne alhali babu wata igiya da take shiga sansa, domin ya san yadda shiru yake.

Mataki na biyu, a gwada sansa da ma'auninsa. Yawancin ma'aunan tebur suna da wata ƙaramar ƙofa mai fitar da miliwat ɗaya cif a kan megahaz 50, a nan ake ɗaura shi. Wasu sansa na zamani masu shiga kwamfuta kai tsaye suna yin wannan da kansu.

Mataki na uku, a tabbatar da jadawalin gyara. Babu sansa da yake jin dukkan kaɗawa daidai wa daida, saboda haka kowanne yakan zo da jadawalin da ya nuna kashi nawa cikin ɗari yake ji a kowace kaɗawa. Wani a jikinsa aka manna jadawalin, wani kuma a ƙwaƙwalwarsa aka adana shi. Amfani da jadawalin wani sansa a kan wani daidai yake da awo da mudun wata kasuwa.

Mataki na huɗu, a daidaita masomi. Ana ɗaura sansa a iyakar awo, sai analaiza ta bi kaɗawa ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar ma'aunin abin da ya iso, tana ƙarawa ko ragewa har sai ya shiga cikin tazarar da aka yarje, alal misali dB 0.1. Ita wannan tazara, ko da yake tana da ƙanƙanta a ido, ta kai kimanin kashi 2.3 cikin ɗari. A misalinmu na baya, na'urar za ta ɗaga fitarwarta da dB 1.5 domin miliwat ɗaya na gaskiya ya isa bakin amfilifaya.

Mataki na biyar, a daidaita makarɓi. Ana cire sansa a sa gada, a tura wa ƙofa ta biyu wannan ƙarfi da aka riga aka sani, a sanar da makarɓi cewa abin da yake ji yanzu shi ne dBm kaza. Daga nan shi ma ya zama ma'aunin ƙarfi, kuma ya fi na asalin sauri nesa ba kusa ba.

In amfilifayar babba ce, sai an sa maragi tsakaninta da ƙofa ta biyu. Mai fitar da wat 10, watau dBm 40, za ta ƙona makarɓi in ta shiga kai tsaye. Maragi mai cin dB 40 zai sauko da ita zuwa miliwat ɗaya. Wajibi ne maragin ya kasance a wurinsa tun lokacin daidaitawa.

8.0 Amsa-kuwwa Tsakanin Masomi da Sansa

Ko an bi matakan nan sarai, akwai sauran wani kuskure, kuma sau da yawa shi ne mafi girma a awon ƙarfi. Masu iya magana sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bakin wayar analaiza ba om 50 ne cif ba, bakin sansa ma haka. Igiya takan bugi sansa wani kaso ya dawo, ya bugi bakin masomi ya sake juyawa, ya haɗu da sabuwar igiya, ko dai ya ƙara mata ko ya rage mata.

Ana iya lissafa iyakar wannan kuskure. Mu ce bakin masomi yana mayar da 0.2 na girman igiya, na sansa kuma 0.05. In aka ninka su za a sami 0.01. Da yake ƙarfi yana tafiya ne da girman igiya ninki a kansa, rashin tabbas ɗin zai kai kimanin kashi 2 cikin ɗari sama ko ƙasa, watau kusan dB 0.09. Lissafin ya nuna cewa laifin na su biyu ne, kuma gyara ɗaya yana rage na duka. Shi ya sa ake sa ƙaramin maragi mai kyawun baki a ƙarshen waya: amsa-kuwwa sai ta ratsa shi sau biyu, tafiya da dawowa, don haka mai cin dB 10 yana raunana ta da dB 20. Analaizoji na zamani kuwa suna haɗa daidaitawa biyun wuri guda, su auna amsa-kuwwar sansa da kansu, su cire ta da lissafi.

9.0 Abubuwan Kiyayewa

Na'ura tana bukatar a kunna ta ta ɗumama kafin a fara, daga rabin awa zuwa sama, gwargwadon abin da maƙerinta ya faɗa. Ana ƙayyade ingancin yawancinsu ne a wajen digiri 23, kuma da sharaɗin kada zafin ɗaki ya kauce da fiye da digiri ɗaya daga yadda yake a lokacin daidaitawa. Wannan sharaɗi yana da nauyi a ƙasashenmu, inda zafin bazara yake haura digiri 40. In wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, to daidaitawar safe ba ta da sauran amfani da rana.

Mahaɗai su ne raunin aikin gaba ɗaya. A duba su, a share su da ruwan alkohol na goge kayan lantarki, a ɗaure su da sifana mai awon ƙarfi, domin ɗaurin hannu ba ya zama iri ɗaya sau biyu. Kwayar mahaɗi ake juyawa, ba jikinsa ba. Lalataccen mahaɗi guda yana iya ɓata duk wanda aka haɗa shi da shi. A lokacin hunturu kuma, ban da ƙura, bushewar iska takan sa lantarki ya taru a jikin mutum, irin wanda yake tartsatsi in an cire riga cikin duhu. Wannan tartsatsi ya isa ya kashe makarɓi, saboda haka ma'aikaci yakan ɗaura abin hannu mai waya zuwa ƙasa.

Daga ƙarshe, sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayan an gama, a auna wani abu sananne wanda ba ya cikin kayan da aka yi daidaitawar da su, kamar maragin da aka san yawan cinsa, a ga ko amsar ta dace. Muguwar daidaitawa ta fi rashinta illa, domin tana ba mutum ƙarya cikin rigar gaskiya.

10.0 Silsilar Awo

Mai karatu yana iya tambaya, shi kuma ma'aunin ƙarfin wa ya auna shi? Ana aika sansa lokaci-lokaci, galibi shekara-shekara, zuwa ɗakin gwaji amintacce, wanda shi ma ma'auninsa ya jingina da na wata hukumar ƙasa, kamar NIST a Amurka, ko NPL a Ingila, ko PTB a Jamus. A can ana sa sansa cikin wani keɓaɓɓen akwati a auna zafin da igiyar rediyo ta haifar, a kwatanta shi da zafin da lantarki mai tafiya hanya ɗaya, irin na batir, yake haifarwa, domin shi an san yadda ake auna shi sosai. Su hukumomin kuma suna kwatanta ma'aunansu da juna ƙarƙashin yarjejeniyar mita da aka ƙulla a Faransa a 1875. Kowane mataki yana ƙara nasa ɗan rashin tabbas, kuma in zobe ɗaya ya tsinke, abin da yake ƙasa da shi ya rasa madogara.

11.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa analaiza tana bukatar daidaitawa iri biyu. Ta farko tana gyara kwatanci da taimakon rufaffe da buɗaɗɗe da mashanyi da gada, kuma ta isa ga waya da eriya da matata. Ta biyu tana aro sanin ƙarfi daga ma'auni da sansa, kuma ba makawa daga gare ta ga duk abin da halinsa yake canzawa da yawan ƙarfin da aka ba shi. Saboda haka, duk lokacin da ɗalibi ya ga adadi da dBm a bayansa, ya kamata ya yi tambaya uku: a wace iyaka aka auna shi, da wane sansa, kuma yaushe rabon sansan da a gwada shi? Wanda ya iya amsa waɗannan shi ya yi awo, saura kuwa allo kawai suka karanta.